Tarar naira dubu biyar da yatsun yaron shago

A unguwarmu, ta wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, akwai wani injin niƙa da na fi shekara ashirin ina jin ƙuginsa daga hantsi har bayan isha'i. Bara waccan, cikin azumi, lokacin da yara ke layi da robobin markaɗen ƙosai da na kunu, bel ɗin injin ya cafke hannun rigar yaron da ke tura hatsi, ya ja hannun ciki. Kafin a kashe inji yatsu biyu sun tafi. Shekarar yaron goma sha huɗu.

Abin da ya biyo baya, ko ba ka wurin ka san shi. Aka ɗauke shi a Napep zuwa asibiti. Mai injin ya biya kuɗin ɗinki da na allura, ya aika da shinkafa da sukari gidansu. Bayan sallar asham aka zauna a zauren mai unguwa, mahaifin yaron ya ce, "Alhaji, mi za mu ce? Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarshi. Yaro ɗanka ne, kai ka riƙe shi." Aka shafa fatiha aka watse. Washegari da hantsi inji ya tashi, wani yaron ya tsaya inda wancan ke tsayawa, bel yana juyawa tsirara kamar jiya.

Na san mai injin nan, ba mugu ba ne. Ranar da abin ya faru har hawaye ya yi. Amma da za ka zaunar da shi ka ce ya lissafa abin da haɗarin ya ci masa, ba zai wuce cinikin 'yan kwanaki ba. Ba a rufe masa shago ba, ba a kira shi ofishin kowa ba, ba a rubuta abin a littafin kowa ba, kuma kafin gari ya waye an samu uban da ya kawo ɗansa yana roƙon a ɗauke shi. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa iyayen gida ba sa bin dokokin kare lafiyar ma'aikata a garin nan, daga wannan lissafin ya kamata ya fara. Muddin yatsar yaro ta fi murfin bel araha, bel zai zauna a buɗe, ko da kuwa mai shi ba ya rasa sahun farko a masallaci.

Dokar kuwa tana nan, ba ta ɓata ba. Sa'ar jiharmu ce ma: a 1987 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Dokar Masana'antu, a shekarar kuma ta yanke Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna. Mutane da yawa suna ɗauka manyan wurare kawai ta shafa, irin kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, ko masaƙar Funtuwa, ko gidajen gurzar auduga. Ba haka aka rubuta ta ba. A wurinta, duk inda aka ɗauki ko da mutum ɗaya aiki don ƙera wani abu, ko gyara shi, ko wanke shi, ko shirya shi don sayarwa, sunansa masana'anta. Da wannan ma'auni gidan bulo ya shiga, gidan burodi ya shiga, haka gidan ruwan leda, injin casar shinkafa, shagon kafinta mai injin tsaga katako, da garejin bakanike. Dokar ta ce a yi wa wurin rajista, a killace bel da duk ɓangaren inji mai juyawa, a fitar da ƙura da hayaƙi, a tanadi ruwan sha da wurin wanke hannu da akwatin taimakon gaggawa, a bar hanyar gudu in gobara ta tashi, a ba ma'aikaci abin kare ido da jiki inda aikin ke bukata. Ta kuma ce in haɗari ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole mai wurin ya kai rahoto a rubuce ga sufeton masana'antu. Dokar Ƙwadago kuma, wadda ta girme ta, ta hana a sa wanda bai kai shekara goma sha shida ba aikin inji. Ke nan a labarin unguwarmu an taka doka aƙalla sau uku, kuma cikin waɗanda suka zauna a zauren nan babu wanda ya san an taka ko ɗaya.

To, a ce ma sufeto ya ji labari, ya zo, ya kai mai injin kotu, ya ci nasara. Hukuncin da dokar ta tanada in sakacin mai masana'anta ya jawo mutuwa ko rauni shi ne tarar da ba ta wuce naira dubu biyar ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Tarar ƙin yin rajista kuwa dubu biyu ce. A 1987 wannan kuɗi ne mai ciwo. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 125 ne a wata, ke nan dubu biyar albashin wata arba'in ce ta ƙaramin ma'aikaci. Yau da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, dubu biyar ladan kwana biyu ce. Da tarar ta riƙa bin sawun albashi, da yanzu ta kai naira miliyan biyu da dubu ɗari takwas. Ba wanda ya soke dokar. Tsadar rayuwa ce ta mayar da ita kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, 'yan majalisa suna kallo. A 2012 Majalisar Dattawa ta zartar da wani ƙudiri da aka so ya maye gurbinta, ya haɗa da wuraren gini da sauran wuraren aiki, ya kuma ɗaga tarar, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Sai maganar wanda zai zo ya duba. Tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago, har da lafiya da walwalar ma'aikata, cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka sufeton masana'antu ma'aikacin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, ba na gwamna ba, ba na ciyaman ba. A takarda ikonsa babba ne: yana iya shiga masana'anta da rana ko da dare, ya ba da wa'adin gyara, ya kuma hana taɓa injin da ya ga yana da haɗari har sai an gyara shi. Amma jami'an da ma'aikatar ke da su a jihar nan su ne za su zagaya ƙananan hukumomi 34, daga Jibiya zuwa Sabuwa, daga Ɓaure zuwa Faskari, a lokacin da wasu hanyoyin ko da rakiyar jami'an tsaro sai mutum ya yi addu'a kafin ya bi su. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ba da ma'aunin cewa ko a ƙasashe mafi talauci ya kamata a samu sufeto ɗaya ga kowane ma'aikata dubu arba'in. Ka je Daura ko Malumfashi ka tambayi mai gidan bulo yaushe rabon da sufeton masana'antu ya leƙo shi; akasari shi zai juyo ya tambaye ka wane ne kuma wannan.

Ba wai ba a zuwa wurinsa ba ne. Mai karɓar haraji na zuwa, na jiha da na ƙaramar hukuma. 'Yan wuta na zuwa da tsaninsu. In gidan ruwan leda ne ko na burodi, jami'an NAFDAC na zuwa su tabbatar ba a zuba abin da zai cuci mai saye ba. Mun tanadi mai gadin kuɗin gwamnati, mun tanadi mai gadin cikin wanda zai ci burodin, amma yaron da ke cusa hannu cikin injin murza ƙullu, ko wanda ke kwana gaban tanda, ba shi da mai leƙo shi. Sa hannu a yarjejeniyoyin duniya kam ba ya ba mu wuya: mun amince da ta duba wuraren aiki tun 1960, da ta lafiyar ma'aikata a 1994, da wata kuma a 2022. Tsarin mulkin ma ya ce a kare lafiyar duk mai aiki, sai dai ya faɗi haka ne a babi na biyu, babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

Yatsa ma ai ita ake gani, tana jini, ana taruwa. Ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu. Haɗari irin na faɗowa ko na inji ya ɗauki kimanin dubu 330 ne kawai. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce da aikin ke sa musu a hankali. Wannan ɓangaren ya fi ba ni tsoro a nan gida, don ba shi da ranar da za a nuna a ce ga ranar da ya faru. Mai fasa dutse yana shaƙar ƙura mai laushi da ke zama cikin huhu ta sandarar da shi. In ta kama ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Bayan shekara goma sai a ga mutum ya rame, numfashi na gagararsa, a ce sanyi ne, wasu ma su ce sammu. A lokacin ya daɗe da barin wurin, maigidan ma wataƙila ya canja sana'a. Wa za a kama? Akwai wata al'ada da ta bazu tsakanin masu aikin ƙura da masu fenti, ta shan madarar gwangwani bayan an tashi, wai tana wanke ƙirji. Wasu iyayen gidan har saye suke yi su raba, suna ganin sun sauke nauyi. Madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu ta tafi. Ba su taɓa gamuwa a hanya ba. Jiƙa dutsen da ruwa lokacin fasawa ya fi katan guda na madara amfani.

Haka mai walda da ke aiki da baƙin tabarau na gayu, dare ya yi ya kasa barci kamar an zuba masa yashi a ido. Haka mai niƙa; tsohon mai niƙa ana gane shi ta yadda yake ɗaga murya ko a wurin gaisuwar mutuwa. Masana sun ce in sai ka yi ihu kafin wanda ke gabanka da taki ɗaya ya ji ka, to ƙarar ta kai wadda ke cin kunne in an daɗe a cikinta. Ga masu feshi a gonakin haya, suna dama maganin ciyawa da hannu, su goge a riga, su ɓare goro su jefa baki. Maƙwabtanmu Zamfara sun ga ƙarshen irin wannan a 2010, lokacin da masu haƙar zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, suka riƙa kawo dutse ana niƙawa a tsakar gida, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Yaran nan ba su taɓa zuwa bakin rami ba, aikin ne ya biyo iyayensu har ɗaki.

Akwai wata doka da ta fi ta 1987 ƙuruciya, ta kuma fi ta amfani ga talaka: Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, ke gudanarwa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, ba tare da ya cire wa ma'aikaci ko kwabo ba. In tsautsayi ya faɗa, asusun ne zai ɗauki magani da diyya, ba sai an tsaya neman mai laifi ba. Ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, da haɗarin da ya rutsa da mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Ma'aikaci kuma a wurinta ba sai mai takardar ɗaukar aiki ba: wanda aka ɗauka da baki, da ɗan koyo, da leburan yini, har da ɗan aikin gida in ba dangin maigida ba ne, duk ta ambace su. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya sanar da asusun cikin kwana 7, a nemi diyya kafin shekara ta zagayo. Wani sashe nata ma sai ka ce don zauren mai unguwarmu aka rubuta shi: duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigidansa ta yafe haƙƙinsa na diyya, dokar ba ta san da ita ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna cikin sana'o'in da ba su da takardar albashi. Mai injin niƙa ba albashi yake biya ba, sallama yake bayarwa da yamma gwargwadon ciniki. Kashi ɗaya cikin ɗari na me za a ce ya kawo? Masu hanzarin yin rajista da asusun, da yawansu waɗanda ke neman kwangilar gwamnatin tarayya ne, don ana neman takardar shaidar NSITF kafin a duba bukatarsu. Wannan kaɗai ya isa darasi. Ba wa'azi ya kai su ba, ƙofa ce aka ce ba za ta buɗe ba sai da takardar.

Nan al'adarmu ke shigowa, kuma zan bi a hankali don ba raina ta nake yi ba. Tsakanin maigida da yaronsa a ƙasar Hausa ya wuce maganar lada. Shi ke ciyar da shi, ya yi masa ɗinkin sallah, wani lokaci ya yi masa aure, ya yaye shi da jari. Yaron da ya kai irin wannan mutum ƙara, unguwa za ta kira shi butulu, kuma ba wanda zai sake ɗaukar ƙanensa. Sulhu kuma alheri ne, ya kashe gaba, ya fi kotu sauri da sauƙi. Aibinsa ɗaya ne: yadda muke yin sa, yana binne haɗarin tare da abin da ya jawo shi. Ana maganar kuɗin magani, ba a maganar bel. Da mai unguwa zai ce, "Alhaji, mun ji, Allah shi kiyaye gaba, amma injin nan ba ya tashi sai na zo na ga an rufe bel da idona," da zaman ya yi aikin da sufeto bai zo ya yi ba, zumunci kuma yana nan inda yake.

Kalmar ƙaddara ita ma mun ɗora mata kayan da ba nata ba. Hadisin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara, ɗaliban Islamiyya ma sun san shi. Haka wanda ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina da Daura, diyyar yatsa ɗaya raƙuma goma ce, ta rai kuma ɗari. Ba fatawa nake bayarwa ba, malamai da alƙalai ne ke da ta cewa kan yaushe sakaci ke wajabta lamuni. Amma ka shiga kasuwar Mai'aduwa ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya, ka ajiye shi gefe, ka ajiye naira dubu biyar a ɗaya gefen, ka ga wanda ya fi sanin darajar gaɓar ɗan'adam.

A manyan kamfanoni kuwa, inda babu sanayya balle zumunci, tsoro ne ke rufe bakin ma'aikaci. A watan Satumban 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone saboda an kulle ƙofa daga waje. A watan Yunin 2020, nan kusa da mu a unguwar masana'antu ta Chalawa a Kano, 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wani kamfanin shinkafa da aka tsare su kusan wata uku lokacin kullen korona. Ba sufeto ya gano su ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya samu ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam. Ma'aikaci shi ke wurin kullum, shi ya san wayar da ke jan mutum da tsanin da ke girgiɗi. Sai dai ya san kuma mutum nawa ke tsaye a bakin get suna jiran a kore shi. Ƙungiyoyin ƙwadago suna da murya a sakatariya da makarantu da asibitoci, amma leburan da ke zama bakin titi da sassafe da shebur da diga, yana jiran motar da za ta kwashe shi, ba shi da katin kowa.

To wa ke da iko a kan maigida da gaske? Na farko, wanda ke ba shi ciniki. Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai hawa takwas, Rana Plaza, ya rufta kan masu ɗinka tufafi kusa da Dhaka a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu. Ƙasar tana da dokoki kafin ranar, kamar yadda muke da su. Abin da ya girgiza masu masana'antu shi ne kamfanonin tufafi fiye da 200, akasari na Turai, suka sa hannu kan yarjejeniyar cewa duk masana'antar da aka duba ta ƙi gyarawa, an daina sayen kayanta. A Katsina babban mai ba da ciniki gwamnati ce: ajujuwa, asibitoci, hanyoyi, magudanan ruwa. Gwamna ba shi da hurumin yin dokar ƙwadago, amma ba wanda ya riƙe masa hannu ya rubuta sharaɗi a takardar kwangila. A ware kuɗin kayan kariya daban a cikin ƙiyasi yadda ba za a haɗiye shi cikin riba ba. Injiniyan da ke duba aiki kada ya sa hannu a takardar biya sai ya ga katakon da birkila ke tsayawa a kai yana da abin dafawa. Ɗan kwangilar da aka mutu a wurin aikinsa ya ɓoye, a cire sunansa. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu suna zuwa da irin waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa za ka ga ɗan kwangila ɗaya, a wancan aikin yaransa da hular kwano da riga mai ƙyalli, a wannan kuma da silifas. Mutumin bai canja ba, mai biya ne ya canja. Legas ma tun 2011 ta kafa hukumarta ta kula da tsaron lafiya a wuraren aiki da na taruwar jama'a. Sai dai a kula da ramin da ke gaba: mai kwangila ya sayar wa wani, wanin ya ba birkila, birkila ya ɗebo leburori, in an faɗo kowa ya ce ba yaronsa ba ne. Nauyin ya zauna a wuyan wanda sunansa ke kan takarda, ko hannu nawa aikin ya bi.

Tsofaffinmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda da an ce ya shigo unguwa mata ke hawa wanke randa. Bai fi jami'an yanzu ilimi ba. Abin tsoronsa shi ne tabbas zai zo, kuma ba a san ranar ba. Tara mai nauyi da ba a taɓa ganin an ci kowa ba, ba ta kai ƙaramar tara da ake ci kullum tasiri ba. Har yau ƙananan hukumomi suna da jami'an duba-gari, kuma suna shiga gidajen burodi da na ruwa. Koya musu su ƙara duba abubuwa huɗu ko biyar, bel, wayar wuta, ƙofar fita, shekarun yaron da ke kan inji, ba zai ci wani kuɗi ba. Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: a ƙasar nan duk sabon mai dubawa sabon mai karɓar na goro ne. Maganinsa a rage abin da aka bar wa son ransa. A manna abin da ake dubawa da Hausa da ajami a bangon shago, zuwan farko gargaɗi ne da wa'adi, tara kuma a banki ake biya, ba a hannu ba.

Waɗanda na fi sa wa rai su ne ƙungiyoyin sana'a. Masu bulo, masu gidan burodi, masu walda, bakanikai, duk suna da shugabanni, ga kuma sarakunan sana'a irin su sarkin maƙera da sarkin magina da har yanzu ake jin maganarsu. In ƙungiya ta zauna ta ce daga gobe bulo kaza ne, gobe kowa haka zai sayar, wanda ya karya a ci shi tara a wurin, ba lauya ba ɗaga ƙara. Wanda ya iya tilasta farashi ya iya tilasta murfin bel. Akwai kuma dalili na kasuwa: maigida ɗaya in ya kashe kuɗi shi kaɗai, maƙwabcinsa zai karya masa farashi, in kowa ya kashe, kuɗin ya shige cikin farashi ba wanda ya ji a jikinsa. Ta hannun ƙungiya ne ma ya fi sauƙi a tara gudummawar diyya daga masu ba da sallama.

Asibiti kuma zai iya ba mu abin da muka rasa, wato ƙidaya. Da katin da ake cikewa a sashen gaggawa na Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da na Janar Amadi Rimi, da na Daura da Funtuwa, yana da layi ɗaya mai tambayar ko a wurin aiki abin ya faru da kuma wace sana'a ce, da shekara ɗaya ta isa a san wace sana'a ta fi cin hannu a jihar nan. Masu ɗorin gargajiya ma suna da labari, don da yawan masu karaya wurinsu suke fara zuwa.

Iyayen gida su ma suna da ƙorafi, kuma ba ƙarya suke yi ba: mun saya musu, sun ƙi sawa, wasu ma sun sayar. A watan Afrilu, zafin Katsina ya haura arba'in, hular kwano da safar roba azaba ce. Wanda kuma ake biya gwargwadon yawan bulon da ya buga ko buhun da ya sauke, duk abin da zai rage masa sauri abokin gaba ne. Shi ya sa masana wannan fanni suka sa kayan sawa a ƙarshen layi. A fara da kawar da haɗarin in zai yiwu. In ba zai yiwu ba a sa shinge tsakaninsa da mutum. Sannan a gyara tsarin aikin, hutu da lokaci da yadda ake biyan lada. Sai a ƙarshe a zo kan hula da takunkumi. Murfin bel ba ya jin zafi, ba ya mantuwa, ba ya sauri don ya ƙara samu.

Injin unguwarmu dai yanzu an rufe masa bel. Ba sufeto ya zo ba, ba kuma mai unguwa ya yi magana ba. Yaron da ya maye gurbin wancan ya bar aikin bayan babbar sallah, aka kawo ɗan ƙanwar mai injin. Ranar da uwar ta kawo niƙa ta ga inda ɗanta ke tsayawa, ta ajiye ƙwarya ta ce, "Yaya, in ba ka rufe abin nan ba, ba ni ɗana in tafi da shi." Da la'asar ya kira mai waldan bakin titi, aka yanka tsohuwar ganga aka yi wa bel ɗin keji. Aikin bai ci awa biyu ba. Ina tsaye ina kallo: mai waldan ba ko tabarau, in zai ɗiga wuta sai ya runtse ido ya kau da kai, yaronsa kuma, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya danne ƙarfen da ƙafa, da silifas.